Kuɗin Mai

A wani gari can arewa da Kano akwai wata tsohuwar tsamiya tsakanin masallaci da rumfunan mahauta. Babu mai rai a garin da ya san tsirowarta. Inuwarta ce majalisar dattawa bayan azahar, 'ya'yanta kuma su ne kunun azumin rabin unguwa. Mahauta sun kafa mata ƙusoshi suna rataya nama, masu jakuna sun naɗa mata waya, duk kakar zaɓe kuma sai 'yan takara su buga mata allunan kwano masu hotunansu. Allunan su yi tsatsa su faɗi, ƙusoshin su zauna, ɓawo ya bi ya haɗiye su. Ta ciki kuwa gara ta daɗe tana aiki. Kowa ya ga kogon gindinta yana ƙara faɗi, kowa ya ce ya kamata a rage mata nauyin rassa, maganar ba ta wuce fatar baki ba.

A farkon wata damina hadari ya haɗo daga gabas cikin dare, irin wanda iska ke riga ruwa isowa, ta yaye kwanon rufi kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Masu zuwa sallar asuba suka tarar da tsamiya a kwance, ta tumɓuke har saiwa. Gangar jikinta ta gitta hanyar kasuwa, babban reshenta ya dira a kan katangar wata dattijuwa da ake kira Inna, wadda ke cikin takaba, ya rusa ta daga gefen zaure har madafi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Mai unguwa ya aika aka kira malamin daji daga ƙaramar hukuma. Ya zo ya gani da idonsa cewa iska ce ta kayar, ya ba da izinin a sare. Sannan aka yanke shawara a gaban jama'a: a fara ɗauke reshen da ke kan katangar Inna, a buɗe hanya, a sayar da wani kaso na itacen a gyara mata gini, a kai wani kaso makarantar allo don wutar karatun dare, abin da ya rage a raba gida-gida. Ba ƙaramin rabo ba ne a wannan zamani. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Kuɗin mota ya ja kuɗin komai, gas ya yi tsada, gidaje da yawa suka jingine tukunyarsa suka koma murhu. Mata sun san darajar abin da ke kwance a hanya. Tsamiya tana sahun marke da kirya, itacen da garwashinsa ke kwana da rai, ba irin kuka ba da ko ta bushe ba ta barin garwashin kirki.

Garin yana da injin zarto. Shekarun baya wata iskar ta taɓa kayar da darbejiya a kan titi, aka kwana biyu mota ba ta shiga ba ta fita, har mai naƙuda sai a amalanke aka fitar da ita. Bayan nan ƙungiyar ci-gaban gari ta yi karo-karo. Masu ƙosai da masu ƙuli-ƙuli suka bayar, 'yan acaɓa suka bayar, mahauta suka bayar, marigayi mijin Inna ya sayar da tunkiya ya bayar. Aka je Sabon Garin Kano aka sayo. Ba Stihl ba ne, ɗan Jamus ɗin nan da manyan masu yankan katako ke alfahari da shi. Matsakaici ne ɗan Caina, daidai ƙarfin aljihun gari. Aka danƙa shi a hannun wani saurayi da ake kira Auta, wanda ya yi shekaru a Kurmi yana bin masu yankan katako, tun yana ɗaukar jarka har ya kai ga riƙe inji.

Wanda bai san irin wannan inji ba zai ce Auta ya cika tsirfa. Injin mota yana da ma'ajiyar baƙin mai daban, inda mai ke kwance yana wanke ƙarafa. Injin zarto ba shi da ita, don ana kifa shi ana karkata shi yayin aiki. Duk santsin da fistan zai samu, a cikin fetur yake zuwa masa. Shi ya sa ake gauraya fetur da man da ake kira 2T, tsari ɗaya da ƙaramin janaretan masu shago da masu cajin waya. Manyan kamfanoni sukan ce kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Da yawa daga cikin masu araha kuwa 1 cikin 25 suke so, ninki biyu ke nan. Fistan ɗin alminiyam ne, yana kai da komowa sama da sau 8,000 a minti ɗaya idan inji na cikin itace. Ka rage masa mai, ba zai kai ƙara nan take ba. Zai tashi, zai yanka, alhali a ciki yana cin kansa. Ga kuma tanki na biyu, ƙarami, na man da ke bin sarƙa. Auta ba ya jan igiya sai ya leƙa duka biyun, ya kakkaɓe matatar iska, ya taɓa sarƙa ya ji ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma ɗaure tamau ba. Duk sanda ya ƙara mai sai ya zauna ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya da zagayayyen magagari. Damina uku inji bai kwana wurin makaniki ba.

A shekarar da tsamiya ta faɗi ne ƙungiya ta yi sabon shugaba, wani Alhaji mai faran-faran, gwanin gaisuwa, gwanin jawabi. Ciyaman ake ce masa. Da hawansa ya karɓi makullin sito, ya ce kayan jama'a ba sa zama a hannun yaro. Da yammacin ranar da tsamiya ta faɗi Ma'ajin ƙungiya ya ƙirga masa kuɗi a hannu: na fetur lita 10, na kwalbar 2T, na man sarƙa, na sabon magagari, da na abincin masu aiki.

Bayan isha'i Ciyaman ya bi gidaje. Ya ce wa Sarkin Fawa akwai gungumen da ya dace da sarar nama, na ajiye maka. Ya ce wa Ma'aji ai uwargida ta daɗe tana neman turmi. Ya biya ta wurin mai shayi, da sakataren ƙungiya, da dattawa biyu na majalisar da ta rasa inuwa, kowa ya bar shi da alkawarin gungume. Daga nan ya wuce gidan burodin da ke bakin titi, ya daɗe a ciki.

Da hantsi jama'a suka taru. Ciyaman ya iso da inji a bayan babur, da jarka daga wurin 'yan bumburutu. Auta ya buɗe jarkar, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ya murza da yatsa, ya jira. Fetur ɗin da aka gauraya daidai, in ya bushe yakan bar maiƙo a fata. Wannan ya tashi ya bar hannun kusan ƙalau.

"Alhaji, ba a sa masa mai ba."

"An sa. Ni da kaina na zuba."

"Nawa aka zuba, ranka ya daɗe?"

"Murfi guda na baƙin mai. Mai ai mai ne."

"Lita 10 ce fa, Alhaji. Wannan injin kusan rabin lita yake so. In aka tashe shi a haka ba zai kai la'asar ba. Ga tankin sarƙa ma wayam. A ɗan ba ni lokaci in je bakin titi in sayo."

"Da kuɗin wa? Ka san nawa lita take yanzu? Kullum kai ke nan, yau mai gobe magagari. An ba ka riƙo ka ɗauka gado ne." Ya juya ga jama'a. "Kun gani ko? Shi ya sa na karɓi makulli."

Auta ya ce shi dai ba zai tashe shi a haka ba. Ciyaman ya ce ba dole, ya yafito ɗan ƙanwarsa, wani ƙaƙƙarfan yaro da ke tayar masa da janareta a gida, ya ɗora masa inji a hannu.

Nan ne wurin da ya fi ci mini rai a labarin. Mutanen da ke tsaye ba jahilai ba ne. Mai shayi yana da ƙaramin janareta, kullum da yamma shi yake auna masa mai. 'Yan acaɓa sun san abin da ake nufi da inji ya buga. Ma'aji ya san abin da ya ƙirga jiya, ya kuma ga babu kwalba babu magagari. Kalma ɗaya daga bakin dattijo ta isa: Alhaji, a bar yaron nan ya sayo. Amma kowa ya dubi gungumensa a jikin tsamiya ya sunkuyar da kai. Wanda bai sami alkawari ba kuma ya ce a ransa, tunda manya ba su tanka ba, ni a wa?

Yaron ya ja cok ya fara jan igiya. Inji ya yi tari sau ɗaya, alamar a mayar da cok ke nan, shi kuwa bai sani ba. Ya yi ta ja har gumi ya jiƙa masa riga, warin fetur ya cika wurin. Ciyaman ya ce ga shi nan, Auta ya lalata shi tun a sito. Auta yana gefe ya kasa daurewa. Ya ce mai ne ya shaƙe shi: a kwance fulogi a goge, a ja igiya babu fulogi har ya fesar da abin da ya sha, a mayar, a saki cok. Aka yi haka, inji ya tashi, yara suka ɗauki ihu. Ba wanda ya waiwayi inda shawarar ta fito.

Akwai wani tsoho mai faskare da ya zo tun sassafe da gatarinsa da weji biyu na ƙarfe. Tun kafin a kawo inji yake zagaya tsamiyar, yana leƙa ƙarƙashinta, yana duba inda ta dogara da inda take reto. Bai taɓa riƙe inji ba, amma ya tsufa a wannan sana'a. Ya san itacen da iska ta kayar bai gama faɗuwa ba. Nauyinsa yana nan ɗaure a rassansa, sai an san ta inda za a kwance shi.

"Ɗana," ya ce wa Ciyaman, "a fara da ƙananan rassa daga waje, a share wuri a ga abin da ke ƙasa. Reshen katanga kuwa a tokare shi tukuna. Kansa yana kan gini, gindinsa yana jikin uwa, tsakiyarsa ba ta dogara da komai ba. In aka yanko daga sama har ƙasa, bakin yankan zai rufe ya cije ƙarfe. A ɗan shiga ta sama kaɗan, a ƙarasa ta ƙasa."

"Baba, wannan aikin inji ne, ba na gatari ba."

"Itacen ai bai san da me aka zo ba."

Aka yi dariya. Yaron ya hau ɓaraguzan katanga ya dasa inji a tsakiyar reshe. Bai kai rabi ba reshen ya yi nishi, yankan ya haɗe, sarƙa ta tsaya cik. Ya danna totur, inji ya yi gurnani, hayaƙi ya tashi daga gefensa. Ƙarti biyu suka kama suna fizga, suna neman lanƙwasa dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa. Tsohon ya ce a kashe. Ya sa aka kawo guntun azara aka tokare reshen ta ƙasa, ya kafa weji a bakin yankan, ya bi shi da bayan gatari a hankali har ya buɗe, aka zare inji.

Kafin ya koma gefe ya hango yara sun cika ramin da saiwa ta bari, suna wasa a ƙarƙashin tulin ƙasa da saiwoyin da ke tsaye a kansu. Ya bi su da tsawa da sanda ya kore su, ya zaunar da jikansa daga nesa ya ce kada ya bar kowa ya koma. Wata uwa ta ji haushi ta ce tsohon nan ya cika faɗa.

Ciyaman ya dubi rana ya ce a bar reshen nan, yana cin lokaci, a koma kan uwar itacen.

A jikin uwar ƙusoshi suke. Sarƙa ba ta yi nisa a ɓawo ba sai tartsatsi, ta ci ƙusar wani allo da aka daɗe da mantawa da mai hotonsa. Daga nan aikin ya canza. Sarƙa mai kaifi ita take jan kanta cikin itace, tana watso ɓarɓashi masu kauri. Dakusasshiya gari take fitarwa mai laushi, sai an danna ta, dannawar nan kuma inji ne ke biyan ta da zafi. Yaron ya kwanta a kai da dukkan ƙarfinsa. Sarƙar da ba ta ga mai ba tun safe ta yi zafi ta saki, gefen ƙarfen ya koma shuɗi, itace ya fara ƙauri. Can hancin ƙarfen ya taɓa wani guntun reshe, inji ya yi tsalle ya yo baya, ya wuce ta gefen kunnen yaron. Sarƙar da ke gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ba ta ba mutum damar kaucewa. Da sauran kwanansa a gaba ne kawai.

Auta ya zo ya durƙusa gaban Ciyaman. Ya ce a ba shi ya wasa, ya zuba ko ƙonannen mai ne a tankin sarƙa, kada yaron nan ya halaka. Ganin tsallen da inji ya yi, Ciyaman ya yarda da wannan. Auta ya zaro tsohon magagarinsa daga aljihu ya gyara haƙoran da za su gyaru. Da ya miƙa inji ya ce, "Alhaji, na wasa haƙori, amma ciwon yana ciki. Don Allah a juye fetur ɗin nan a sake haɗi." Ciyaman ya ce ya ji.

Da sabon kaifi inji ya yi aikin da ya faranta ran masu alkawari. Gungume ya faɗi, wani ya biyo, ana mirgina su gefe, kowa yana gane nasa. Ba wanda ya lura cewa duk gungumen da aka cire, nauyin da ke danne gindin raguwa yake yi. A yankan da ya zo kusa da kogo itace ya yi wata ƙara ya tsage da kansa, guntun gindin ya miƙe tsaye, tulin saiwa ya koma raminsa da rugugin da aka ji har kasuwa. Inda yara ke wasa da hantsi, yanzu ko hannu ba ya shiga. Uwar nan da ta yi wa tsoho tsiwa ta rungume ɗanta ta fashe da kuka.

Ko wannan bai sa an tsaya ba, saura na gidan burodi. Muryar inji ta riga ta sauya, ta yi siririya, ƙarfinsa yana zuwa yana tafiya. Ana kiran la'asar ya yi shiru. Yaron ya ja igiya, ta ƙi fitowa. Ya taka inji da ƙafa ya ja da hannu biyu, igiyar ta tsinke.

Kafin magariba an raba laifi gida uku. Wasu suka ɗora wa 'yan Caina, wai ba sa yin kaya mai ƙwari, aka manta da damina ukun da ya yi yana aiki. Wasu suka ce masu tsamiya ne, don kowa ya san abin da ake faɗa game da tsamiya da iskoki. Wasu suka ce Auta: shi ya taɓa haƙoran inji, shi ya ce ba zai kai la'asar ba, ta yaya ya sani in ba shi ya ƙulla ba? Wannan ta ukun ta fi karɓuwa, don ita kaɗai ce ke da wanda za a iya kora. Sakatare ya rubuta takarda aka cire shi daga ƙungiya. Zalunci ne tsagwaronsa, an kuma yi shi a gaban mutanen da suka ji gargaɗinsa da kunnuwansu. Mai unguwa ba ya nan ranar aikin; aka kai masa labari yadda aka ga dama, shi ma bai bincika ba.

Ma'aji ne ya kai inji wurin mai gyaran janareta a garin gaba. Makanikin bai tambayi komai ba. Ya kwance salansa, ya haska fitilar waya ta ƙofar hayaƙi, ya ce wa Ma'aji leƙa. Jikin fistan duk karce ne daga sama har ƙasa, alminiyam ya narke ya manne a bangon silinda, zoben ya maƙale a raminsa.

"Malam, wannan ba aljani ba ne, ba kuma laifin maƙera ba ne. Ƙishirwar mai ce ta kashe shi. Sai an sake fistan da zobe da silinda, ga sarƙa ga ƙarfenta. Kuɗin kwalbar da aka ƙi saya, yanzu sai ku yi ta ninka shi." Ya goge hannu da tsumma. "Ba ku kaɗai ba ne. Dubi can, injin burtsatsen wata unguwa ne. Wancan kuma janaretan ɗakin haihuwa. Na mutum ɗaya ba safai yake zuwa mini haka ba. Na jama'a ne ke zuwa a bushe."

Ma'aji ya ce a ciro masa fistan ɗin. Ya ƙulle shi a leda ya sa a aljihu, ya dawo gida bai gaya wa kowa ba.

Gumaguman da aka yanka ba su kwana biyu a wurin ba, amalanke ta yi ta jigila cikin dare. Abin da ya rage shi ne abin da aka ce a fara da shi. Reshe yana kan katangar Inna da rabin yanka a jikinsa, ruwa yana shiga madafinta, ita kuma takaba ta hana ta fita neman haƙƙinta. Tsohon mai faskare ne ya tara abokan sana'arsa, Auta ya shiga cikinsu da gatarin aro. Tsamiya ba ta faskaruwa da sauƙi, jijiyoyinta a murɗe suke, sai an bi tsaga an kafa weji, an bar wurin gaɓa zuwa ƙarshe. Abin da inji zai gama kafin azahar ya ci musu mako guda, hannuwa duk bororo. Suka jera faskaren a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa, da tazara don iska ta ratsa, domin ɗanyen itace da damina hayaƙi kawai yake yi, sai ya ga rani kafin ya ci wuta sosai. Ba wanda ya biya su. Kason makarantar allo bai cika mangala biyu ba.

Bayan mako uku Ciyaman ya kira taro a filin da tsamiya ta bari, dab da zauren Inna. Ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce gari irin wannan bai kamata ya zauna babu inji ba, kuma a wannan karon ba za a sayi na banza ba, ɗan Jamus za a sayo. Kowane gida zai ba da abin da aka yanka masa. Sakatare ya buɗe littafi.

Sai murya ta fito daga cikin zaure.

"Mai unguwa, Allah ya ja zamaninka. A yi mini afuwa, ban isa fita ba tukuna. Tambaya ce da ni. Wancan injin akwai tunkiyar malam a cikinsa. Kafin a yanka mini na sabo, ina son in ji abin da ya kashe tsohon. An ce iskoki. Ni tun ina amarya nake tsintar tsamiyar nan, ba su taɓa ce mini ci kanki ba. An ce Auta. Auta ne ya ɗauke mini reshe daga kan madafi da hannunsa. Ma'aji, ɗana, kana nan? Ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Kai ka ƙirga kuɗin, kai ka kai inji wurin gyara. Me aka ce maka?"

Ma'aji ya daɗe bai ɗago ba. Gungumen yana gidansa, har an yi magana da masassaƙi. Ciyaman ya ce wannan ba ya cikin ajanda, a ci gaba. Sarkin Fawa ya yi gyaran murya bai ce komai ba. Sannan Ma'aji ya miƙe, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin leda, ya kwance, ya ajiye fistan a kan tabarma gaban mai unguwa. Ya faɗi abin da ya ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya ga an zo da shi da safe, da abin da makaniki ya ce. Ya ce gungumen da ke gidansa ba nasa ba ne, gobe zai sa a dawo da shi.

Mai shayi ya ce nasa ya riga ya sayar, amma zai kawo kuɗin. Dattawan nan biyu ba su ce uffan ba, ɗaya ma ya tashi ya ce zai je alwala. Mai unguwa ya juya fistan a hannunsa, ya bi karcen da farce. Ya ce wa sakatare ya rufe littafi, ba za a karɓi ko sisi ba sai an kawo rasit, makullin sito kuma a gidansa zai kwana yau. Ya tambaya ina Auta. Aka ce ai tun safe ya ɗaure kayansa ya tafi tasha, Kurmi zai koma.

"Motar ta tashi?"

"Ba ta cika ba, ranka ya daɗe. Sai bayan la'asar."

Ya dubi ɗan acaɓan da ke kusa da shi. "Hau ka je ka ce ina kira. In ya ƙi, ka dawo ka ɗauke ni."